Zumunta a Ƙafa Take: Baƙaƙen Amurka da Neman Asali ta Hanyar Gwaji

Gabatarwa

A ƙasar Hausa idan baƙo ya sauka, bayan an kawo masa ruwa an gaisa, tambayar da kan biyo baya ita ce, "Malam daga ina?" In kuwa aure ya zo nema, sai a ƙara da, "Ɗan gidan wane ne?" Mu a wurinmu waɗannan tambayoyi ba su da wuyar amsawa, domin ko yaro ƙarami ya san garin ubansa da na uwarsa. Amma akwai miliyoyin mutane a ƙasar Amurka, baƙar fata kamarmu, waɗanda idan suka bi salsalarsu kaka huɗu ko biyar sai su ci karo da bango. Kakanninsu bayi ne da aka kwasa daga Afirka, aka raba su da sunayensu da harsunansu.

Tun daga shekarar 2003 wasu kamfanoni suka fara sayar wa waɗannan bayin Allah amsar tambayar. Mutum zai tofa yawu a 'yar kwalba, ko ya goga auduga a cikin kumatunsa, ya aika ta gidan waya, bayan 'yan makonni a aiko masa da takardar da ke cewa shi Bayarabe ne, ko Bafillace, ko Bahaushe. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka zo nan, ta duba abin da gwajin ke iya faɗa da wanda ba ya iyawa. Lamarin ya shafe mu, tun da sunanmu na cikin sunayen da ake bugawa a waɗancan takardu.

Yadda igiyar ta tsinke

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin ƙarni na 16 da na 19 an ɗora 'yan Afirka kimanin miliyan 12.5 a jiragen ruwa zuwa ƙetaren tekun Atalantika, kimanin miliyan 10.7 ne suka isa da rai. Mafi yawansu Birazil da tsibiran Karibiyan aka kai su. Waɗanda aka sauke kai tsaye a Arewacin Amurka ba su kai dubu 400 ba, kuma daga gare su ne akasarin baƙaƙen Amurka na yau suka yaɗu.

Wasu daga cikin waɗanda aka kai sun riƙe asalinsu har kabari. Umar ibn Sa'id, wani malami daga Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a jihar Karolina ta Arewa. Haka kuma idan bawa ya gudu, iyayen gidansa kan yi cigiyarsa a jarida su ambaci tsagar da ke fuskarsa, wato dai shaidar garinsu da ya taho da ita. Sai dai tsaga ba ta bin jini, kuma 'ya'yan da aka haifa a can ba a yi musu ita ba. Aka riƙa sayar da uwa gabas, ɗa yamma. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba, sai dai shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan mai su, kamar yadda ake lissafa dabbobi. Sai a ƙidayar 1870, bayan an soke bauta a 1865, aka fara rubuta su da sunayensu. Wannan shekara ita ce bangon da masu neman asali kan ci karo da shi.

Doka kuma ta shigo ta tsara wa mutane ko su wane ne. A 1662 mahukuntan Bajiniya suka zartar cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi, saboda haka idan Bature ya haihu da baiwarsa, ɗan bawa ne, uban na iya sayar da shi. A 1924 jihar ta sake yin dokar da ta ce ba a kiran mutum farar fata sai in babu ko ɗigon jinin baƙi a jikinsa. Ta haka mutanen da suka fito daga ƙabilu barkatai, da ma waɗanda rabin jininsu na Turawa ne, suka zama abu guda mai suna baƙar fata.

Daga bakin maroƙi zuwa ɗakin gwaji

A 1976 wani marubuci mai suna Alex Haley ya wallafa littafinsa Roots, inda ya ce ya bi labarin da kakarsa ke bayarwa har ƙauyen Jufure a Gambiya, wani maroƙi masanin tarihi ya tabbatar masa da kakansa Kunta Kinte wanda aka sace a 1767. Da aka mai da littafin wasan talabijin a 1977, Amurka ta girgiza. Daga baya masu bincike sun nuna cewa takardun tarihi ba su yi daidai da wurare da dama na labarin ba, amma ƙishirwar da ya tayar ba ta kwanta ba. Kowa na son ya san nasa ƙauyen, kuma ba kowa ke da kaka mai riƙe da labari ba.

A 1991 ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati a birnin Niyok sai aka tarar da tsohuwar maƙabartar 'yan Afirka ta ƙarni na 17 da na 18. An tono ƙasusuwan mutum 419, aka kai su Jami'ar Howard da ke Washinton domin nazari, kafin a sake binne su a 2003. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai wani matashin masanin ƙwayoyin halitta, Rick Kittles, wanda ya yi ƙoƙarin gano yankunan Afirka da mamatan suka fito. Da labari ya bazu, rayayyu suka ce su ma a yi musu. A 2003 shi da Gina Paige suka kafa kamfanin African Ancestry.

Talabijin ya sake ƙara wa wutar makamashi. A 2006 Farfesa Henry Louis Gates na Jami'ar Harvard ya fara wani shiri inda ake yi wa fitattun baƙaƙe gwajin a kuma faɗa musu sakamako a gaban jama'a. Oprah Winfrey, wadda a baya ta taɓa shaida wa mutanen Afirka ta Kudu cewa ita jinin Zulu ce, aka ce mata layin uwarta ya dace da na ƙabilar Kpelle ta Laberiya. Shi kansa Gates ya tarar kusan rabin jininsa na Turawa ne. Kafin farkon 2019 an ƙiyasta mutum fiye da miliyan 26, fari da baƙi, sun yi irin wannan gwaji a manyan kamfanoni.

Gwamnatocin Afirka ma ba a bar su a baya ba. Saliyo ta ba ɗan wasan fim Isaiah Washington takardar zama ɗan ƙasa a 2010, bayan gwaji ya danganta shi da ƙabilar Mende. Gana ta sa wa 2019 suna Shekarar Komowa, ta kuma ba mutum 126 'yancin zama 'yan ƙasa a watan Nuwamba na shekarar. A 2024 Jamhuriyar Benin ta yi dokar ba jikokin bayi wannan 'yanci, kuma sakamakon gwaji na cikin hujjojin da ta amince da su. Abin da ya fara a matsayin neman sani ya kai ga fasfo.

Me gwajin ke aunawa?

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki. Gwajin iri uku ne. Akwai wani sashe na ƙwayoyin halitta da kowa ke gada daga uwarsa kaɗai, ita ma daga uwarta, har iya inda salsala ta kai. Akwai wani kuma da ɗa namiji ke gada daga ubansa kaɗai. Waɗannan biyu ba sa cakuɗewa, sai ɗan canji da kan faru jefi-jefi, shi ya sa ake iya bin sawunsu. Na uku shi ne wanda ke duba sauran gadon gaba ɗaya, ya ce kashi kaza daga yanki kaza.

To, ga ɗan lissafi. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. Idan aka koma baya hawa goma, wato kimanin shekara 250, gurabun kakanni sun kai 1,024. Gwajin layin uwa labarin mace guda yake bayarwa daga cikinsu, na layin uba kuma namiji guda. Sauran 1,022 ba a ji ta bakinsu ba. Wanda aka ce masa shi Bafillace ne ta wajen uwa, abin da aka faɗa masa gaskiyarsa bai wuce zare ɗaya ba a cikin saƙar zane guda.

Abu na biyu, babu wani kamfani da ke da yawun mutanen ƙarni na 18. Da mutanen yau ake gwada mai neman asali, wato waɗanda aka ɗebi samfurinsu a wasu garuruwa aka tambaye su ƙabilarsu, aka rubuta abin da suka faɗa. Idan an ɗebi samfuri da yawa a wannan gari, ba a je wancan ba, to sakamako zai riƙa karkata zuwa inda aka je. Wani bincike da Bert Ely da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa cikin baƙaƙen Amurka da aka duba layin uwarsu, waɗanda suka dace da ƙabila guda tak ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Fiye da rabi sun dace da ƙabilu da yawa a lokaci guda, saura kuwa ba su dace da kowa ba a rumbun da aka yi amfani da shi. Dalili a fili yake: waɗannan layuka sun girmi ƙabilunmu da dubban shekaru, kuma mata sun daɗe suna aure daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Shi ma gwajin kashi-kashi ƙiyasi ne. Kamfanoni kan sabunta rumbunsu, mutum ya kwana da kashi kaza na Nijeriya ya wayi gari an rage masa an ƙara masa na Kamaru, alhali jininsa bai canja ba. A 2019 wani gidan talabijin na Kanada ya aika yawun wasu tagwaye masu kama ɗaya zuwa kamfanoni biyar, sakamakon ya dawo da bambance-bambance, har tsakanin tagwayen a kamfani guda. Ga kuma batun amana. A 2023 ɓarayin intanet sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 7 na kamfanin 23andMe, a 2025 kuma kamfanin ya kai kansa kotu saboda karayar arziki, jama'a suka shiga tambayar hannun da sirrin jininsu zai faɗa.

Kada a ɗauka muna cewa gwajin banza ne. Yana iya gano dangi na kusa ba tare da kuskure mai yawa ba, kuma ya haɗa iyalan da bauta ta raba a cikin Amurka. Ya kuma fallasa abin da aka daɗe ana rufewa. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa a matsakaici kusan kashi 24 cikin 100 na gadon baƙaƙen Amurka daga Turai yake, kuma ya fi shigowa ta wajen maza. Wannan shaida ce ta abin da iyayen gida suka yi wa bayi mata, rubuce a jikin jikokinsu.

Jini ya tabbata, zumunci ya ƙi

Labarin Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya isa misali. Tun yana raye ake cewa ya haihu da baiwarsa Sally Hemings, zuriyarta kuma suka riƙe wannan magana kusan shekara 200, yayin da manyan masana tarihi ke cewa ƙage ne. A 1998 aka gwada layin uba na zuriyar baffan Jefferson da na wani jikan Eston, ɗan autan Sally, aka tarar iri ɗaya ne. A 2000 gidauniyar da ke kula da gidan Jefferson ta amince cewa mafi rinjayen zato shi ne uban 'ya'yanta.

Amma me ya biyo baya? A 2002 ƙungiyar zuriyar Jefferson ta fararen fata, wadda ke riƙe da maƙabartar gidan, ta kaɗa ƙuri'a ta ƙi karɓar zuriyar Sally. A ɗaya gefen kuma akwai iyalan Woodson, waɗanda su ma suka gaji labarin cewa kakansu ɗan Jefferson ne. Gwajin bai dace da su ba, amma da yawansu ba su saki labarin kakanninsu ba. Waɗanda jini ya haɗa sun ƙi zama dangi, waɗanda jini ya raba sun ƙi rabuwa da salsala. Ashe mutane kan karɓi abin da ya yi musu daɗi a sakamakon, su bar saura.

A nan ne haɗarin yake. Masana sun tabbatar cewa kusan kashi 99.9 cikin 100 na gadon 'yan Adam iri ɗaya ne, kuma tun 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 na ɗan bambancin da ya rage ana samunsa ne a cikin al'umma guda, ba tsakanin fari da baƙi ba. Duk da haka, takardar da ke yanka mutum kashi-kashi tana koya wa mai karanta ta cewa akwai wani tsantsar jini na kowace ƙabila wanda ake aunawa da mudu. Wannan shi ne tunanin dokar 1924, ya dawo sanye da rigar kimiyya.

Wane ne Bahaushe?

Yanzu sai mu waiwayo gida. Gaskiya ne an kai Hausawa ƙetare. Sun fi yawa bayan 1804, lokacin da yaƙe-yaƙen jihadi suka samar da kamammu, aka riƙa gangarawa da su Ikko da sauran tashoshin gaɓar teku. Amma Amurka ta haramta shigo da bayi daga 1808, saboda haka galibinsu Bahiya ta ƙasar Birazil aka kai su. A can Hausawa suka shirya bore a 1807 da 1809 da 1814, suka kuma shiga babban boren Musulmi na watan Azumin 1835 wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa. Wanda ya san wannan tarihi zai yi taka-tsantsan kafin ya gaskata kowace takarda da ta ce wa Ba'amurke kakarsa Bahaushiya ce.

Babbar tambayar ma ita ce, mene ne jinin Hausa? Mu zaga birnin Kano mu karanta sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, da Sharifai. Tarihin Kano ya ce Wangarawa daga Mali suka zo a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka shahara a fataucin goro, asalinsu daga ƙasar Buzaye suka gangaro, kuma daga Agalawa ne Alhassan Ɗantata ya fito. Wa zai tashi yau ya ce waɗannan gidaje ba Hausawa ba ne?

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son tadawa ba. Masana sun ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 bayin da ke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa 2.5, kuma ba a soke bauta kwata-kwata a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. An kamo mutane daga ƙasar Gwari da tsaunukan Bauchi da Adamawa da wasu wurare, aka zuba su a rinji, wasu matan aka sa su a ɗaka. Saɓanin dokar Bajiniya, a shari'ar Musulunci ɗan da ubangida ya haifa da sa-ɗaka ɗa ne, yana gado, kuma da yawa sun yi sarauta. Jikokin waɗancan mata duk Hausawa ne a yau. Idan aka ɗebi samfurin ɗaya daga cikinsu aka rubuta "Hausa" a jikin kwalba, layin uwar da ke ciki yana iya zama na wata Bagwariya ce da aka kamo a 1880. Ba'amurken da ya dace da wannan kwalba za a ce masa Bahaushe ne, alhali mai yiwuwa abin da ya haɗa su wata kaka ce da ta rayu tun kafin a san kalmar Hausa.

Kakanninmu sun san zumunci ya fi jini faɗi. Shayarwa na haramta aure tsakanin waɗanda ba ciki ɗaya suka fito ba. Bafillace da Babarbare suna wasa, Bagobiri da Bayarabe suna wasa, Bakano da Bazazzagi suna wasa, ba wanda ya taɓa neman a auna su kafin su yi. Hausanci ya ginu ne a kan harshe da addini da sana'a da zaman tare, shi ya sa ya yaɗu daga Agadas har Kumasi, daga Katsina har bakin kogin Nilu a Sudan.

Kammalawa

Idan wata rana baƙo ya sauka a ƙofarmu daga Amurka ko Birazil, riƙe da takardar da ta ce shi Bahaushe ne, bai kamata mu yi masa dariya ba. Abin da ya kawo shi ciwo ne na gaske, kuma cikin waɗanda suka kama kakanninsa suka sayar akwai 'yan Afirka, har da mutanenmu. Mu ba shi ruwa, mu ba shi masauki. Amma kada mu yaudare shi da rawani da sarautar kwana ɗaya, mu karɓi kuɗinsa mu ce ya iso gida. Mu faɗa masa gaskiya, cewa takardarsa ta nuna masa hanya ne kawai. In yana son ya zama namu, sai ya koyi gaisuwa, ya zauna da mu, ya je suna ya je jana'iza, kamar yadda Agalawa da Wangarawa suka yi.

Mu ma akwai gargaɗi a kanmu. A ƙasar da ake zubar da jini saboda gardamar ɗan ƙasa da baƙo, inda har yau ake fasa aure saboda an ce kakan wane bawa ne, ranar da wannan gwaji ya yi araha za a sami masu son su mai da shi makami. Wani zai nemi ya tabbatar da cewa shi daga Gabas ya fito, wani ya nemi ya tozarta maƙwabcinsa. Ya zama wajibi malamai da marubuta su riga su isa wurin jama'a da bayanin abin da gwajin ke iyawa da inda ya tsaya. Ya kuma kamata mu zauna da tsofaffinmu mu rubuta abin da suka sani na salsala tun suna raye, domin baƙaƙen Amurka sun nuna mana tsadar abin idan ya ɓace. Magabata sun riga sun gama magana da suka ce zumunta a ƙafa take. Allah ya sa mu dace.